Malama Hajjo da Jiragen Ciyawa

Malama Hajjo 'yar Malumfashi ce. Ta yi makarantar horon malamai a ƙarshen zamanin da ake duba rubutun ɗalibi a kuma duba farcensa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyar da 'yan aji huɗu, ba ta taɓa shiga aji ba sai ta rubuta darasin ranar a littafi, da kwanan wata a sama, an ja masa layi. A shekarar 2016 mijinta, Malam Abdurrahim, ya sami gurbin ƙaro karatu a jami'ar da ke Lembah Pantai, can ƙasar masu jin Malayanci, ta ajiye alli ta biyo shi. Takardar zaman da aka ba ta ta matar ɗalibi ce, wadda ba ta halatta mata yin aiki ba. Sai ta zauna a hawa na tara a Pantai Dalam, tana girki, tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa.

Bakin yara ne ya hana ta zama. Ka ce wa ɗan Bahaushe ya miƙo maka buta, ya ce maka "boleh", wato to, da Malayanci. Ka gaishe shi, ya amsa da Turanci. Ta nemi izinin ƙungiyar iyaye Hausawa mazauna garin, ta buɗe ajin Hausa kowace Asabar, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, kyauta. Yara goma sha tara suka taru. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Hadi, mai safarar kayan waya da ke zaune a Bukit Jalil, da kansa ya kawo 'yarsa Khaulah.

A watan Maris na 2020 aka kulle gari saboda annoba, ajin ya koma kwamfuta. Yaro a ɗakinsa ba yaro a kan benci ba ne. Suka fara kashe kyamara, sannan suka fara ɓacewa. Kafin azumi saura bakwai.

Ƙofar Hajjo tana kallon ta wata tsohuwa Basiniya, Anti Ong, mai shekara saba'in da huɗu, wadda ta yi ritaya daga koyar da tarihi. 'Ya'yanta suna Singafo, an rufe iyaka. Hajjo ta riƙa rataya mata abinci a hannun ƙofa. Tsohuwar ta san ba za a ci girkin tukunyarta ba, kuma ba ta son a yi mata alheri ta kasa ramawa. Sai ta fito da kujera, ta ce wa Hajjo ita ma ta fito da tata. Kowa a bakin ƙofarsa, da takunkumi, bayan la'asar, ta fara ba ta labari daga wani tsohon littafinsu na lokacin da ƙasar Sin ta rabu uku. A ciki akwai wani mai dabara da rundunarsa ta rasa kibau. Ya cika jiragen ruwa da mutum-mutumin ciyawa, ya tura su gaban abokan gaba da asuba cikin hazo, aka yi ta harbi har ciyawa ta cika da kibau, ya juyo gida da su.

Ranar Asabar Hajjo ta mayar da labarin Hausa, ta ba yara. Asabar ta gaba yara goma sha biyar ne, ta bayanta goma sha tara cif. Yaran da ba su san sunan ludayi ba suka san kibiya da kwari da sulke, suna gardama da Hausa kan wane sarki ne ya fi gaskiya.

Da aka sassauta kulle, Alhaji Hadi ya shiga wani kanti da 'yarsa. A saman kanta akwai gunkin nan mai jar fuska da dogon gemu da 'yan kasuwar Sinawa suke ajiyewa. Khaulah ta nuna shi ta ce, "Abba, ga jarumin da Malama ta ba mu labarinsa." Jimla ce cikakkiya, babu kalmar Turanci ko ɗaya, abin da uban bai taɓa ji daga bakinta ba. Bai lura da wannan ba. A ranar ya rubuta a zauren iyaye na waya cewa an dakatar da aji, ana koya wa yara ƙaryar masu gumaka.

Wannan zauren fa shi ne kowace safiya ake turo sabon maganin annoba, yau tafarnuwa, gobe ruwan zafi da gishiri, kuma ba a taɓa jin wani ya tambayi inda aka samo ba. Amma macen da ta yi shekara uku tana koyar da 'ya'yansu kyauta, ba a ko kira ta an ji ta bakinta ba. Da mijinta ya yi magana, Alhaji ya ce tambaya ɗaya ce: labarin nan gaskiya ne ko ƙarya?

"Ki ce musu tatsuniya ce a wuce wurin mana," in ji Malam Abdurrahim.

"Malam, ban sani ba ai. Ya zan amsa abin da ban bincika ba?"

Ta nemi mako uku. Anti Ong ta ɗauko wani littafi na biyu, tarihin da wani ma'aikacin fada ya rubuta ba da daɗewa ba bayan yaƙe-yaƙen, fiye da shekara dubu kafin a rubuta littafin labarin. Hajjo ta sami sabon littafin rubutu, ta ja layi a tsakiyar kowane shafi. Tsohuwa tana karantawa tana fassarawa, ita tana rubutawa: abin da ya faru a dama, abin da aka ƙara a hagu, abin da ba a tabbatar ba da jan biro.

Sarakunan uku sun rayu. Jarumin mai gemu ya rayu, an kuma kashe shi, sai dai an jingina masa ayyukan wasu, kuma daga baya ne mutane suka mayar da shi abin bauta. Jiragen ciyawa babu su a tarihi. Abin da wani tsohon rubutu ya kawo shi ne wani shugaba daban, a wata shekara daban, jirginsa ya karkace saboda nauyin kibau, ya sa aka juya ɗaya gefen ya sha harbi har ya daidaita.

"Haba Anti, ashe ruɗa ni kika yi!"

"Ni ma haka kakana ya ruɗe ni. Rubuta."

A kan wani babban yaƙi da aka yi a kogi ne alƙalamin Hajjo ya tsaya. Littafin labari ya fi ba da ƙarfi ga iska da wuta da wayo. Tarihi ya yarda an ƙona jirage, amma ya ce annoba ta shiga rundunar arewa, sojoji da yawa suka mutu, shi ya sa aka janye. Matan biyu suka dubi juna ta saman takunkumi.

Aka yi taro ta kwamfuta ranar Lahadi. Ta aika shafi ashirin da shida tun ranar Alhamis. Da ta fara bayani ta gane babu wanda ya buɗe.

"Malama, mu ba jarrabawa muka zo ba," in ji Alhaji Hadi. "Kalma ɗaya. Gaskiya ko ƙarya?"

"Alhaji, akwai wannan akwai wancan. Shafi na uku..."

"To mun sauƙaƙa miki. Ki ci gaba da ajinki, amma ki tara yaran ki ce musu duk abin da kika ba su ƙarya ne, babu wanda ya faru."

"Gunki zan ce musu gunki ne, ba ya ji ba ya gani, na ma riga na faɗa musu. Ciyawa zan ce an ƙara. Amma mutane sun mutu da cuta a bakin kogin nan, irin yadda ake mutuwa yanzu. In ce wa yara ba a yi ba?"

"Sinawan shekara dubu nawa? Ina ruwanki da su?"

"Ƙarya kuka ce kar in koya musu, Alhaji. Yanzu kuma ku ne kuke sa ni."

Wani ya yi dariya, ya yi maza ya kashe makirfonsa. Wannan dariyar ce ta ƙarasa maganar. Alhaji ya ce ba a kawo shi nan don mace ta yi masa rashin kunya ba, a kaɗa ƙuri'a. Maza tara ne a taron, ba a gayyaci uwa ko ɗaya ba. Bakwai suka ce a rufe aji har sai an sami wani malami. Ba a samu ba, ba a ma nema ba.

Ba ta yi kuka ba, amma ta kwana biyu ba ta fito da kujera ba. Ranar Asabar ƙarfe goma saura biyar ta rubuta kwanan wata a saman shafi, ta ja masa layi, ta buɗe kwamfuta ba da sunan ƙungiya ba. 'Yarta Ɗelu ta zauna kusa da ita. Fuskoki uku suka bayyana, waɗanda iyayensu mata suka kunna musu da kansu. Ta jira har goma da kwata ko wani zai ƙaru. Khaulah ba ta zo ba, kuma ba ta sake zuwa ba.

Malama Hajjo ta gyara mayafinta ta ce, "Ku ɗauko biro. Yau za mu raba labarin kogi gida biyu, ku ne za ku gaya mini wanda za a sa a dama."