Hannun Daddawa

Jiya maƙwabciyata ta ɗora kalwa a wuta, warin ya tsallako katanga ya same ni a bakin ɗaki. Sai na ji hawaye. Tun da maigidana Malam ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ba na buƙatar wani babban dalili kafin in yi kuka. Amma na jiya ba nasa ba ne kaɗai. Shi ya sa na kira jikata na ce ta ɗauko biro, ni ban san ko baƙi ɗaya ba, in faɗa ta rubuta muku.

A wani ƙauye na tashi cikin duwatsun Roni, gida mai ɗorawa a bayansa. Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni da ƙanwata. Kakarmu ta wajen Baba ita ke daddawa, har daga Gwiwa ake aikowa saye. Da bazara in ɗorawa ta nuna, bakinmu kullum rawaya da garinta. Kalwar kuwa sai a dafa ta har ta yi laushi, a surfa da toka, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, a rufe cikin kwando da ganye ta kwana ta kwana har ta nuna. Kaka takan ce ba kowane hannu daddawa ke so ba, wata tana taɓawa sai ta yi tsami.

Ni a lokacin ba daddawa ke gabana ba. Kazaure nake so. Goggo, ƙanwar Baba, can take aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk zuwanta takalmi ne a ƙafarta, jikinta na ƙanshin sabulu, tana labarin fitilar da ba a zuba mata kananzir da 'yan mata masu zuwa makaranta. In ina tsinkar ganye a kan dutse sai in juya gabas ina roƙon Allah ya kai ni.

Wata bazara aka ce Goggo za ta zo ta ɗauki riƙo, ɗaya daga cikinmu. Ni ce babba, na ɗauka magana ta ƙare. Amma don kada a samu kuskure, sai na yi wa kaina dabara: zan nuna mata irin 'yar da za ta samu. Kwanakin da ta yi a gidan ban zauna ba. Na yi shara, na ɗebo ruwa, na karɓi taɓarya daga hannun Kaka na surfe kalwar shekara ni kaɗai har tafina ya yi kanta. Ni na wanke, ni na rufe kwandon. Ƙanwata kuwa tana kwance a cinyar Goggo ana yi mata kitso, tana tsotsar alewa.

Ranar da aka buɗe kwandon, Kaka ta ɗiba ta shinshina. Sannan ta kira Baba da Goggo. Ina bayan rumbu ina ji. Goggo ta ce babbar take so, ta ga aikinta. Zuciyata ta yi tsalle.

Sai Kaka ta ce, "Wannan kam ba inda za ta. Ke ba ki ji daddawar ba? Duk gidan nan ba mai wannan hannun. Ɗauki ƙaramar, dama ba abin da take tsinana mana."

Baba bai yi musu da uwarsa ba. Washegari aka ɗaure wa ƙanwata 'yan tsummokaranta, tana kuka ba ta son tafiya, ni ina kuka ina so, aka ɗauka kukan rabuwa muke yi duka. Kaka har tana tsokanata wai in share hanci kada in sa wa daddawa gishiri.

Ku da kuke karantawa, ba zan ɓoye muku ba, na yi ƙyashin yarinyar nan. Da salla ta zo gida da atamfa da takalmi, tana cewa ruwan rijiyarmu na da ɗanɗanon ƙasa. Ta rubuta sunana da tsinke a tsakar gida ta ce, "Yaya, kin ga, ke ce wannan." Na sa ƙafa na share. Ta zama malamar makaranta, ni na zama mai daddawa. Sunan ya bi ni har gidan aure a Babura, har mutanen tsallaken iyaka na zuwa nema.

Malam ne kaɗai ya san abin da ke raina. In ya ga fuskata ta canza bayan ƙanwata ta zo ta tafi, sai ya ce shi dai da an kai ni Kazaure da ya mutu yana cin miya lami. In yi dariya ba don na huce ba. Yanzu ba mai faɗa mini haka. Ina dafa miyar, in duba wurin tabarmarsa, in kasa ci.

Da ƙanwata ta zo ta'aziyyarsa, cikin motar ɗanta, da tabarau a ido, ta zauna kusa da ni ta yi kuka da gaske. Da za ta tafi ta roƙi daddawa, ta ce ta gari duk ba ta jin ɗanɗanonta, tawa ce ke tuna mata da Kaka. Na ƙunsa mata mai yawa. Na ji daɗin roƙon, ba ƙarya. Na gane a ranar cewa abin nan ya zama nawa, ba wanda zai kwatanta ni da kowa a kansa. Amma da motar ta tashi, wallahi sai da na ji abin da na ji a bayan rumbu. Tsufa bai kashe shi ba.

Yanzu ɗorawar bayan gidanmu an sare ta, mata sun koma dunƙulen kanti. Jikar nan tawa mai rubutu ta ci jarrabawa, tana son karatun aikin jinya a Kazaure. Tun da na yi takaba ita ke kula da ni, ta iya komai, har kalwa tana son hannunta. Shekaranjiya na ji ubanta, ɗana, yana cewa ta haƙura tukuna, ba mai riƙe tsohuwa kamarta, a tura ƙanwarta in lokacinta ya yi.

Na kira shi na ce ya zauna. Na ce, "Ba za a biya yarinyar nan da zama don ta iya aiki ba. An yi a kaina, ya isa."

Ya ce to wa zai dafa mini, na ce hannuna bai mutu ba tukuna.

Ga ta nan ta tsaya da rubutu tana share ido. Ke, ci gaba, kada ki jiƙa takardar. Za ki tafi, kuma ranar da za ki hau mota zan yi ƙyashinki kamar yadda na yi na ƙanwata. Rubuta wannan ma.