Takalman da Muka Jera a Ƙofa

Ranar Lahadi ce, lokacin cirar auduga. Na tashi na hura wuta, na ɗora shayi, na ɗumama sauran tuwon dawa na jiya. Baba yana zaune a bakin gado yana laluben tabaraunsa, alhali yana kan goshinsa. Na ƙyale shi ya yi ta nema har shayin ya tafasa.

Baba baduku ne, Malam Ishaku ake ce masa. Daga ƙasar Zazzau ya taso cikin ayarin mahajjata, ina goye a bayan mahaifiyata. Su sun nufi Makka, shi ya nufi Urushalima, gonakin audugar Jazira suka riƙe su gaba ɗaya. Tun da mahaifiyata ta rasu, ni da shi kaɗai ne Hausawa Kirista a ƙauyenmu da ke kusa da garin Hajj Abdalla. Babu wanda bai sani ba. Babu kuma wanda ba ya taka ɗinkin Baba, tun daga liman har mai kiwon awaki.

Sauran masu bi 'yan Kudu ne, leburorin cirar auduga. A kambo suke kwana, wato bukkokin kara da ke bayan babbar magudanar ruwa. Kowace Lahadi da safe Baba kan buga wani tsohon ƙarfen garma, su taru a gindin gawo. Shi yana yi da Hausa da gurgun Larabcinsa, su suna amsawa da yarensu. Na sha yi masa tsiya cewa Allah kaɗai ke gane wannan sujada. Yakan ce ai dama don shi ake yi.

A makon nan labari ya iso cewa an kashe wani soja ɗan garin a yaƙin Kudu. Ran Alhamis aka daina sayar wa 'yan kambo ko gishiri a kasuwa. Ran Asabar da la'asar Alhaji Shehu ya zo gidanmu. Shi ne mai gonar da suke wa aiki, abokin Baba ne na shekara ashirin. Ya ce kada a kuskura a taru a gindin gawo. Ya miƙa wa Baba mabuɗin ɗakin da yake tara buhunan auduga, can ƙarshen gonarsa. Ya ce ban da waƙa, ban da buga ƙarfe.

Da safen nan na roƙi Baba ya bar Lahadin ta wuce. Mu Hausawa ne, in mun zauna a gida ba mai taɓa mu. Ya ce mutanen nan kwana uku ke nan tsoro ya hana su runtsawa, in akwai ranar da suke bukatar wanda zai tsaya tare da su a gaban Allah, to yau ce. Na ce ni dai na faɗa. Na ja mayafina na bi bayansa ina gunaguni.

Ƙarfe bakwai da rabi muka isa. Duk abin da Alhaji ya ce mun bi. Mun zo bibbiyu, kowa da buhun cira a kafaɗa kamar mai zuwa aiki. Mun ja ƙyaure mun tokare shi da itace. Abu ɗaya ne bai zo ran kowa ba. A bakin ƙofa kowa ya tuɓe takalminsa ya ajiye a gindin bango. Haka Baba ya koya mana, haka muka taso muna ganin maƙwabtanmu suna yi a ƙofar masallaci. Ba a shiga gaban Allah da ƙurar hanya. Ni ce ma na tsuguna na gyara jerin don ya yi kyau. Takalman mutum goma sha huɗu, a ƙofar ɗakin da ya kamata a ce babu kowa a ciki.

Ɗakin duhu ne, ga warin auduga da kashin ɓera. Muka zauna a kan buhuna. Baba ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce yau an karɓe mana waƙa, an karɓe inuwar gawo, amma ga shi muna sujada, ashe ba su ne sujadar ba. Ya ce kowa ya kawo wa Allah abin da ke hannunsa. Wanda ba shi da komai sai tsoro, ya kawo tsoron, za a karɓa. Marta ce a gefena, wata doguwar mata 'yar kambo da ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Ta kama hannuna.

Jirgin ƙasa na ƙarfe takwas ya yi kuka ya wuce. Bayansa kaɗan muka ji ƙugin lori, ya bi hanyar gefen gona ya nufi kambo. Sai ihun mata. Sai ƙarar kara yana cin wuta. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasan jinka. Wani mutum ya miƙe zai fita don matarsa tana can, aka danne shi. Baba ya ce a durƙusa, ya soma addu'ar rufewa.

Wajen takwas da rabi lorin ya dawo. Ya zo daidai ɗakin. Ya wuce. Na ji sarai ya wuce, har direban ya canja giya.

"Wagif! Tsaya! Ku diba takalma!"

Na san muryar. Usmanu ne, ɗan mai shayin bakin kasuwa. Tun yana rarrafe Baba ke ɗinka masa takalmin sallah.

"Ga markubin Malam Ishaku nan. Suna ciki."

Lorin ya yi baya. Ƙafafu suka diro.

"Ku hito! Barra!"

A bugu na uku ƙyauren ya faɗi. Sanduna ne da gatura da adda. Yawancinsu baƙi ne 'yan cin kasuwa, amma huɗu na san sunayensu har da na iyayensu mata. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwansa. Bai ƙarasa kalmar farko ba aka sauke masa sanda a gefen kai. Ya faɗi. Marta ta finciko ni bayan buhuna ta danne kaina a ƙasa. Daga nan ƙafafu kawai nake gani. Ana shurin haƙarƙarin Baba da wani jan takalmin markubi. Na san ɗinkin. Ni na riƙe masa fitila ranar da ya gama shi.

Suka janye maza waje ɗaya bayan ɗaya. Ba zan rubuta ƙarar da na ji ba. Wani ya ƙyasta ashana ya jefa cikin auduga. Marta ta juya ta daki bangon baya da ƙafa, kara ne da yaɓe, ya buɗe a duka na huɗu. Muka ja Baba ta cikin hayaƙi muka faɗa cikin gona.

Na waiwaya sau ɗaya. Da na sani ban waiwaya ba. Mutum biyu suna tsugune a gindin bango suna gwada takalma. Ɗaya yana auna tafin takalmi da ƙafarsa, bai yi masa ba, ya jefar ya ɗauki wani. Ɗayan yana riƙe da nawa yana jujjuyawa, ina jin matarsa yake tunani. Taku biyar daga inda suke akwai mutum kwance yana shure-shure. Nan na amayar da shayin safe. Kisan ya ba ni tsoro, amma wannan tsugunon ƙyama ya ba ni, kuma har yau bai sake ni ba.

Ƙarfe tara muna rarrafe tsakanin kunyoyin auduga. Baba ya farfaɗo. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya iya takawa in ya rataya hannuwansa a wuyanmu. Shawarata mu kai kogi, mu haye, mu nemi motar garin Suki, inda akwai ɗakin shan magani da wani mai bi da Baba ya sani. Tafiyar awa biyu ce ga mai lafiya mai takalmi.

Wanda bai taka ƙasar Jazira da rana ba ba zai gane ba. Baƙa ce, ta tsattsage, bakin kowace tsaga yana yanka. Ga ƙarangiya, ga busassun ɓawon auduga masu tsini. Marta ta saba, tafin ƙafarta ya yi kanta. Ni da Baba kuwa, baduku da 'yarsa, ba mu taɓa fita ƙofar gida ba takalmi ba. Kafin hantsi ya ɗaga muna barin shaidar jini a bayanmu.

Ƙarfe sha ɗaya muka ji muryoyi a kan hanya. Muka gangara cikin wata ƙaramar magudana muka kwanta, ruwa har wuya. Gaba da mu kaɗan wani ɗan kambo ne kife a cikin ruwan, ƙudaje sun taru a bayansa. Ƙishi ya ci ƙarfinmu. Na ture kumfar da hannu na ba Baba ya sha, ni ma na sha.

Rana tsaka wani jaki ya tsaya a bakin magudanar. Alhaji Shehu ne. Ya gan mu. Bai sauka ba. Ya kwance rawaninsa ya sake shi ƙasa tare da gorar ruwa, idonsa yana kan hanya.

"Ku yi gabas. Kada ku hau hanya."

Ya daki jakinsa ya tafi. Na bi jakin da ido har ya ɓace. Shi ne abin da muke bukata, kuma Alhaji ya sani. Da safe zai ce ya ɓata, wa zai tuhume shi? Na faɗi wata kalma da ban taɓa faɗa a gaban Baba ba. Baba ya ce mutumin yana da 'ya'ya tara a cikin garin nan, abin da ke hannunsa ya kawo. Na yayyaga rawanin na ɗaure mana ƙafafu.

Muna tsakiyar wata gonar dawa aka kira azahar a ƙauyenmu. Muryar ladanin da na saba ji kullum ce, ba ta canja ba. Na san akwai mutanen kirki a wannan sahu. Na kuma san mutum huɗun nan za su wanke hannuwansu su shiga tsakaninsu, su bar takalmanmu a ƙofa.

Bayan azahar Baba ya fara tarin jini. Ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Marta ta tsuguna, na ɗora mata shi a baya, na ɗaure da mayafina. Ta miƙe da shi ta yi ta tafiya. Mijinta yana cikin waɗanda aka janye waje, kuma ta ji abin da na ji.

Da la'asar muka kai kogi. Kwalekwalen yana can ƙetare. Marta ta yi ta ɗaga hannu. Mai jirgin ya miƙe ya dube mu, ya dubi hayaƙin da ke bayanmu, ya koma ya zauna.

Muka kwantar da Baba a inuwar wata bagaruwa. Numfashinsa yana ƙara kamar ana jan zare ta cikin fata. Ya ce ba mu rufe sujada ba, an katse mu a tsakiya. Na ce ya yi shiru ya adana ƙarfinsa. Bai saurare ni ba. Ya ɗora daga inda ya tsaya da safe. Ya ambaci mutum goma sha huɗun nan da sunayensu. Ya ambaci uwar sojan da aka kashe. Ya ambaci Alhaji Shehu da 'ya'yansa. Daga nan ya ce Allah ya dubi Usmanu, yaro ne, kada a bar shi ya tsufa da wannan rana shi kaɗai.

Ya yi shiru yana jira. Marta ta ce amin. Ni na kau da kaina wajen ruwa.

"Rifkatu."

Sau ɗaya ya kira sunana. Na ce bari in jiƙo tsumma in goge masa fuska. Na gangara bakin ruwa. Na wanke tsumman, na matse, na sake wankewa. Tsumman bai bukaci haka ba. So nake ya gaji da jira ya rufe addu'arsa ba da ni ba. Da na hau, Marta tana rufe masa ido.

Rana tana gab da faɗuwa mai jirgin ya ƙetaro. Bai tambaye mu komai ba. Ya ara mana fartanya, ya taya mu haƙa. Ƙasar bakin kogi tana da laushi, ba mu daɗe ba.

A Suki na yi wata biyu kafin in iya taka ƙasa. A can labari ya riƙa iso mana kaɗan-kaɗan. Cikin mu goma sha huɗu, biyar sun mutu a ƙofar ɗakin. Biyu wuta ta cinye su a ciki. Uku ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mace ɗaya ta tsira ta cikin gona da ƙuna a bayanta. Sai ni, sai Marta, sai Baba a gindin bagaruwa. Amin ɗin da ya jira na faɗe shi bayan mun gama rufe ƙasa. Marta ce kaɗai ta ji.