Shinkafar Lokal a Garar Jikata

Mu biyar ne a tsakar gida ran nan bayan la'asar: ni, da babban ɗana, da matarsa, da 'yarsu da ake shirin kaiwa ɗakin miji a Birnin Kebbi, sai ƙanin marigayi mijina, tsohon malamin firamare, wanda ya shigo gaisuwa ya tarar da magana ya nemi wuri ya zauna. Shinkafar garar yarinyar tana jibge a kan tamfol ƙarƙashin rumfa. Ni na jiƙa shansherar, wato shinkafar da ba a ɓare ba, ni na turara ta a rabin duro, ni na shanya ta ina fama da kaji da awaki. Da aka dawo da ita daga inji na zauna da faifai ina tsintar tsakuwa har idona ya fara ganin abu biyu-biyu. Ban yarda kowa ya sa mini hannu ba.

Ɗana ya kwance wani ƙunshi daga bayan babur ya ajiye a gabana. Buhuna ne babu komai ciki, sababbi masu sheƙi, da hoton tsuntsu da rubutu. Ban iya karatu ba, amma na san su. Irinsu ne ake tsallakowa da shinkafa a ciki daga ƙasar Benin.

"Inna, cikin waɗanga za a zuba," in ji shi, bai dube ni ba.

"Don mi?"

Matarsa ce ta amsa, tana wasa da gefen zane. "Inna, mutanen birni ne. In sunka ga buhun gida sai su ce lokal anka kawo musu."

Na daɗe da sanin kalmar nan, na kuma gaji da ita. Farkon jin da na yi mata ina da goyo, lokacin da aka daina cewa En'e aka koma lokal gwamman. A wancan zamani abin alfahari ce. In aka ce mutum yana aiki a lokal, to yana da keke da albashi, ana kuma tashi a ba shi tabarma. Da ƙasarmu ta Bagudo ta samu tata, har guɗa muka yi.

Sai shinkafar waje ta fara shigowa ta Lolo da Dole Kaina, can bakin iyaka, a kwale-kwale da bayan babura, doguwa fara. Aka sa mata suna forin. Tamu da ba ta taɓa samun wani suna ba sai shinkafa, aka wayi gari ta zama lokal. Mai saye ya damƙa ya watsar, ya ce, "Lokal ce, haƙorana nake so." Daga shinkafa kalmar ta hau kan kaji, ta hau kan atamfa, ta hau kan mutane. Yarinya ta yi ɗaurin da bai yi ba, a ce 'yar lokal.

Shekarun da aka rufe iyaka kuma kalmar ta juya. 'Yan birni suka riƙa zuwa da motoci har ƙofar gidan nan suna neman lokal, suna yabon ƙamshinta kamar ranar aka halicce ta. Na ga yaran garin nan da idona suna juye forin cikin buhunan gida don su wuce kwastan. Yanzu ga ɗana zai juye ta gida cikin buhun forin. Shinkafar dai ba ta sake ba, fadamar ma tana inda take.

Na dubi ƙanin mijina na ce, "Kai da ka sha boko, mi kalmar ga take nufi a bakin masu ita?"

Ya gyara hula. "Yaya, ba zagi ba ne. Abin da yake na wurin da mutum yake, shi ke nan. Limamin unguwa, kasuwar gari, duk haka Bature zai kira su."

"To ita forin ɗin, can inda ake noma ta fa?"

"Can ai lokal ce."

"Ka ji," na ce wa ɗana.

"Inna, ni ba makaranta niz zo ba," ya ce. "Baba, kai ma da ka aurar da taka ɗiya, wace shinkafa ka kai?"

Malam, ƙanin mijin nawa, ya yi tari ya ce rana ta yi sanyi. Matar ɗana ta rufe baki da mayafi.

Abin da su duka ba su duba ba, shi na faɗa musu. Gara ba ta zama a ɗakin amarya. Uwar miji ce za ta kwance buhu ta rarraba wa dangi da maƙwabta, kwano-kwano. Buhu maza yake ruɗa. Duk macen da ta zuba wa shinkafar nan ruwa za ta ji ƙamshin gumi, ta ga yadda take kumbura a tukunya. Kafin sati ya zagayo, kowane gida a dangin nan ya san abin da ke cikin buhun ba shi ne a bayansa ba.

"Ku zaɓa," na ce. "Ko a ce ɗiyarku 'yar lokal ce, ko a ce ta shigo da ƙarya."

Sai a lokacin yarinyar ta yi magana. Tun ɗazu tana bakin ƙofar ɗaki da lalle a ƙafa. Ita ce mai tsokanata kullum, ta ce na tsufa na ƙi mutuwa don kar wani ya gaji faifaina. Ran nan babu wasa a muryarta.

"Kaka, ke ba ke za ki zauna da su ba." Ta ba ni labarin ƙawarta da aka kai birni bara. Ranar gara wata ƙanwar miji ta leƙa buhu ta ce amaryar lokal, sunan ya bi ta, har yara suna kiranta da shi. "Ni dai in shiga lafiya. In sun gane daga baya, na riga na zauna."

"Ke, ƙawata, zaman da anka fara haka ai tsugune ne."

"Ko tsugunen ne, a bar ni in yi."

Ta shige ɗaki. Ɗana ya ce shi ya gama magana, gobe a cika buhuna, jibi mota za ta zo. Malam ya tashi ya ce Allah ya sanya alheri, wanda ba ya nuna gefen da yake. Na zauna ina kallon tarin shinkafar har aka kira magariba. Bayana yana ciwo. Yarinyar ba ƙarya ta yi ba, na san bakin matan birni. Amma na san kuma wanda ya fi daɗewa a bakin mutane cikin sunayen nan biyu, 'yar lokal da maƙaryaciya.

Washegari da na idar da sallar asuba, na ɗauko buhunan na juya su ɗaya bayan ɗaya, cikin ya koma waje, tsuntsun da rubutun suka shige ciki. Farare ne tas, masu ƙarfi, babu abin da suke cewa. Na aika wa ɗana cewa a bar mini wuri a motar, ni zan kai garar da kaina, duk mai tambayar wace iri ce ya tambaye ni. Ina ɗibar shinkafa da kwarya, bakin buhun yana ta faɗuwa, sai yarinyar ta fito. Ta tsaya tana kallon fararen buhunan, ko gaisuwa babu. Can ta tako a kan dugadugai don kar lallenta ya ɓaci, ta kama mini bakin buhun. Na cika shi, na zura zare a basilla, na fara ɗinki.