Raliya Issa, Wadda Ta Karya Azumin Laraba

Kafin a kira assalatu a unguwar Okala, Raliya Issa ta riga ta goge rigar aikinta ta rataye. Tana idar da salla sai ta shirya, ta jefa ƙullin dabino a jaka, ta fito bakin titi ta tare taksi zuwa filin jirgi. Direbobin hanyar duk sun san ta, ba sa ma tambayarta ina za ta. Haka take yi shekaru sun haura ashirin, har wannan makon da ta ajiye aiki. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, don wallahi in aka bar labarin matar nan a ƙasa, an ci amana.

Ga wanda bai san ta ba, ma'aikaciyar cikin jirgi ce, irin waɗanda muke kira otes. A nan Libreville aka haife ta, 'yar marigayi Malam Issa mai shagon atamfa a kasuwar Mont-Bouët. Faransanci ya zauna a bakinta daram, amma da ta hango dattijonmu yana kokawa da bel ɗin kujera, sai ka ji ta ce, "Sannu Baba, kawo in ɗaura maka." Nan take dattijo zai saki jiki, har ya fara ba ta labarin ciwon gwiwarsa.

Kamfanin da ta fara aiki da shi ƙarami ne. Wani ya zo ya haɗiye shi, aka canza mata riga daga koriya zuwa shuɗiya. Ba a jima ba aka sake haɗe wannan da wani babba, riga ta koma ja. Mu dai 'yan kasuwa masu zirga-zirga zuwa Kwatano da Legas ba ruwanmu da launin riga. Tambayarmu a bakin matakala ɗaya ce: "Raliya na ciki?"

To masu jar rigar nan su ne suka zo da sabon salo. Abinci na sayarwa, shayi na sayarwa, bargo na haya, kai, hatta ruwan sha! Kuma ba a karɓar kuɗi a hannu, sai katin banki. Jama'a, ina Alhajin Mont-Bouët ina kati? Mutumin da bankinsa aljihun 'yar cikinsa ne! Ga shi da hali, zai iya sayen keken abincin gaba ɗaya, amma ba dama. Kuma a ce dattijo mai gemu ya buɗe baki gaban yara ya ce ba shi da kati? Ai gara ƙishirwa ta kashe shi. Sai iyayenmu suka samo mafita. Duk wanda aka turo wa keken, sai ya ɗaga hannu cikin natsuwa ya ce, "Na gode, azumi nake."

Da farko Raliya ta ɗauka gaskiya ne, har tana cewa, "Allah ya ba da lada, Baba." Litinin ta wuce, Alhamis ta wuce, ba ta kawo komai a ranta ba, ai ranakun nafila ne. Sai wata Laraba, ba tsakiyar wata ba balle a ce kwanakin farin wata ne, ta tura keke ta ga layi guda cur na masu azumi. Ta koma baya ta ce wa abokiyar aikinta Djaïba, "Ke, yaushe Laraba ta shiga sahun nafila ban sani ba?" Ta faɗa tana dariya, amma kafin ta rufe baki ta gane, dariyar ta koma ciki. Djaïba ta ce ba ta taɓa ganin ran Raliya ya ɓaci irin na ranar ba.

A cikin masu azumin akwai Alhaji Ubale mai kayan gini, aminin mahaifinta, wanda kowa ya san yana fama da ciwon suga. Jirgi ya yi nisa a sama sai ta ga zufa na karyo masa, idanunsa suna lumshewa. Ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, me ka ci yau?"

"Azumi nake, 'yata."

"To Baba, ko azumin Ramadan ne, da wannan jikin an yafe maka. Sha, don girman Allah."

Ba ta yi wata-wata ba ta ɓalle lemo daga keken kamfani ta kafa masa a baki, ta bi shi da dabinon jakarta. Da ya dawo hayyacinsa ya ga idanun mutane a kansa, sai ya sunkuyar da kai don kunya. Nan fa Raliya ta yi abin da har gobe ake labari. Ta miƙe, ta kama keken, ta bi kujera kujera tana ajiye wa kowa gorar ruwa, mai azumi da mara azumi, Bahaushe da ɗan ƙasa, ba ta tambayi kowa komai ba. Cikin minti kaɗan jirgi ya cika da ƙarar buɗe murfi. Babu wanda ya sake kallon Alhaji Ubale, kowa ta gorarsa yake.

Ke ce, Raliya, kika san ƙishirwa daban, kunya daban, kika kashe su tare. Ke ce 'yar Malam Issa, mai shayarwa ba gori.

Suna sauka aka dakatar da ita. Kamfani ya ce fasinjoji da bakinsu suka ce azumi suke, babu wanda ya nemi ruwa, ita ce kawai ta rabar da kaya don neman suna. Ban da mara lafiya guda, me ya kai ta sauran? Aka ce ta jira zaman kwamiti, kuma kowa ya san ƙarshen zancen: kora, ga ritaya ta matso, fanshon duk ya bi iska. Hanyar tsira ɗaya ce, ta fito ta ce ƙarya dattawan suka yi. Djaïba ta bi ta har gida tana roƙo.

"Ki faɗa mana! Aikinki ne fa!"

"In tsaya gaban baƙi in ce iyayena maƙaryata ne? Ba da bakina ba, Djaïba."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma abin na damun ta. Ta ce da asuba takan tashi ta jona dutsen guga kafin ta tuna babu inda za ta.

Ana cikin haka matuƙa jirgi suka shiga yajin aiki. Su ma haɗakar ce ta cuce su: an danne tsofaffi a ƙarƙashin sababbin zuwa, an kuma rage musu lokacin hutu. Jirage suka tsaya cak, fasinjoji suka yi cirko-cirko a filin jirgi da kayansu. Sai ga Raliya, wadda aka hana sa rigar aiki, ta ɓullo da zane da mayafi, taksi cike da kuloli. Ta zagaya Mont-Bouët ta tara mata, an dafa shinkafa da wake, an dama kunu. Ta ciyar da fasinjojin kamfanin da ke shirin korarta, har masu gadi sai da suka samu rabonsu.

Jagoran matuƙan shi ne Komanda Aziz, wanda shi ya tuƙa jirgin waccan Larabar. Shi ma haihuwar nan ne, Hausarsa duk a karye. Yana tsaye a zauren filin jirgi yana yi wa fasinjoji bayani, wakilan kamfani a gefensa, sai ga Alhaji Ubale ya kutso da sandarsa, babbar riga na jan ƙasa. Labarin Raliya ya kai masa a shago. Ya ce wa Aziz, "Ɗana, juya musu abin da zan faɗa zuwa Faransanci, kada ka rage ko kalma."

Ya gyara murya ya ce, "Ni Ubale, ranar nan ba azumi nake ba. Kati ne ba ni da shi, kunya ta hana ni faɗa. Yarinyar nan ta rufa mini asiri, ba zan zauna a kore ta a kan ƙaryata ba."

Can sai wani dattijo ya ɗaga hannu daga kan jakarsa: "Ni ma!" Wani daga baya: "Wallahi ni ma, da ƙosai na karya ranar!" Kai jama'a! Hannuwa suka tashi ko ta ina, aka fashe da dariya, wasu na kabbara, Raliya kuwa tana riƙe da ludayi tana kuka. Komanda Aziz ya juya ga wakilan kamfani ya ce matuƙa sun ƙara sharaɗi biyu a kan nasu: a mayar da Raliya bakin aikinta, a kuma daina sayar da ruwan sha a cikin jirgi. Ya ce shi ba zai sake tashi da mutanen da ke suma a bayansa don kunya ba.

An ja, an ja, amma da aka sasanta, sharuɗɗan biyu suna ciki. Shayi da bargo har yau na kati ne, wannan kam ba mu ci nasara ba. Amma duk wanda ya hau jirgin nan aka miƙo masa ruwa ba a tambaye shi komai ba, to ya san hannun wa ya jawo masa.

Raliya, mun gode. 'Yan Mont-Bouët sun gode, mutanen Okala sun gode, direbobin tashar Owendo da kika ciyar da iyayensu a filin jirgi sun gode. Allah ya shayar da ke yadda kika shayar da mu, ya sa hutun nan ya zama na lafiya. Ku kuma 'yan baya masu tura keke a sama da masu zama a bayan kanta a ƙasa, ku koyi duban fuskar mutum kafin ku dubi hannunsa, don ba kowane "na gode" ne na ƙoshi ba.

Tashinta na ƙarshe ya faɗo ranar Laraba. Alhaji Ubale ba shi da abin yi a Kwatano, amma ya yanki tikiti ya zauna a kujerar gaba. Da ta iso kansa da keke, ya miƙo hannu biyu, ya ɗaga murya yadda har na kujerar ƙarshe zai ji.

"Zuba mini, 'yata. Yau ba azumi nake ba."