Kwana uku ina sauraron injin Ishaya

Shekara biyar ke nan da rasuwar Ishaya, makaniken da garejinsa ke jikin shagona na kayan gyaran mota a unguwar Ras Al Khor ta Dubai. Abin da na saka a tafiyar da muka yi da shi ba shi da yawa: kwana uku na hutun Sallah, shago a rufe, da abotar shekara tara da na kusa ɓatawa da zargi.

Shi ya kawo maganar. Wai mu ɗauki tsohuwar jif ɗinsa mu zaga kwazazzaban Hatta, mu ga duwatsu. Ni ɗan Kantin Kwari ne kafin in zo Dubai, ban taɓa ganin wanda ya ƙona mai don kallon dutse ba. Da ya ga ba ni da niyya sai ya ce, kamar ba da gangan ba, “Ina ma tunanin rabuwa da motar nan.” Nan take na ce a raina, ashe ciniki ne. Duk mai son ya sayar maka da mota sai ya fara ɗaukarka yawo a cikinta.

Haka na shiga da kunne a buɗe. Ishaya yana nuna mini bangon dutse ja da ya tsage biyu, yana cewa kamar na Kagoro garinsu, ni kuwa ina sauraron ƙarar giyar mota. Ya tsaya a bakin wani tafki kore a gindin kwazazzabo, ya tuɓe takalma ya shiga. Ni na durƙusa ina leƙen ƙarƙashin mota ko baƙin mai na ɗiga. Ko da ya shimfiɗa mini kwali a inuwa don in yi Azahar, sai da na ce wannan ma dabarar dillalai ce.

Rana ta uku na gaji da jira. Na ce, “Injiniya, shokozobar hagu ta mutu. Faɗi kuɗinta mu huta.”

Ya yi dariya har da dafa bonet. “Alhaji, wa ya ce maka ta sayarwa ce? Da na ce maka yawo kawai, za ka rufe shago? Yalla, shiga mu tafi.”

Ban yarda ba. Na ɗauka ja min rai yake, har muka dawo ina jiran ya sake tayar da zancen. Bai tayar ba. Bayan shekara guda zazzaɓi ya kwantar da shi, aka kai gawarsa gida, jif ɗin na nan a garejin.

Yanzu an shimfiɗa kwalta a wasu hanyoyin, masu zuwa kuma ta waya suke kallon duwatsun. Ban san me zai ce da su ba. Wataƙila ya ce sun fi ni, su aƙalla sama suke kallo.

Har yau ina zargin mutane, kuma yawanci ina da gaskiya. Amma idan na yi lissafin tafiyar nan, Ishaya ya dawo da duwatsu da tafki. Ni na dawo da sanin cewa shokozobar hagu ta mutu.