Baban Aji da Takardar Sa Hannu

Baban Aji suke ce masa, don ya isa ya haifi rabin ɗaliban. Malamin firamare ne. Shekara goma sha tara yana shaƙar ƙurar alli, rana tsaka aka ce duk wanda bai kawo digiri ba ya kama gabansa. Shi ya sa ya shiga jami'a da furfurarsa.

Ƙarfe biyu ake tashi a makarantarsa, ƙarfe biyun nan Dakta ke fara lacca. Shi kuwa ba ya tafiya sai ya tsallakar da yaran ajinsa titi. Kafin ya iso yana haki, Dakta ya naɗe takardar sa hannu ya cusa a jaka. Dokarsa ke nan: minti goma, a ɗauke takarda.

'Yan bayan aji kuwa sun san takan tsiya. Mutum ɗaya zai zo da biro uku ya sa wa abokansa hannu, su suna can suna sharar barci. Shugabar aji ta taɓa ce masa, "Baba, bari in riƙa sa maka mana."

"Ni da nake hana yara satar amsa? A'a, 'yata."

Sai ya zauna a gaba ya rubuce komai tsaf. Littafinsa kowa ke ara ya buga kwafi.

Da jarrabawa ta matso aka manna sunaye. Wanda halartarsa ba ta kai kashi saba'in da biyar ba, ba zai rubuta ba. Baban Aji kashi goma. Wani ɗan gata da ko ƙofar ajin bai sani ba, ɗari cif! Wallahi abin da ciwo.

Ya tafi ofis da littafinsa. "Ranka ya daɗe, duba, kowace lacca da kwanan watanta. Kai ma kana ganina a gaba."

Dakta ko buɗewa bai yi ba. "Ina ganinka, amma da takarda nake aiki. In na ɗaga maka ƙafa na zalunci sauran."

Ji fa! Mutumin da ya ƙi zuwa aji sau huɗu, ko saƙo babu, shi ke maganar zalunci.

Ranar jarrabawa Baban Aji ya zo duk da haka, mai duba sunaye ya tare shi a ƙofa. Aka ce kowa ya ajiye takardunsa a waje. Suka zube su tuli guda, suka shige, aka rufe ƙofa. Ya duƙa ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wata, ya ƙara wata. Duk rubutun hannunsa ne.