Baba Shafi-nawa, Mai Tsaron Tsofaffin Kundayen Kotu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe yake shigowa harabar kotu. Ya jingine kekensa a bayan ɗakin shari'a na biyu, ya gangara matakala zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin ginin. Kafin ya zauna sai ya buɗe tagogi biyun da ke dab da rufi, ya bi ƙafafun kantoci da tocila yana duba ko gara ta yi gini. In ya ga hanyarta, ya kankare ya zuba kananzir. Daga nan ya jawo kundi ɗaya cikin waɗanda bayansu ya ɓalle, ya ɗauki allura da zare ya hau ɗinki. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki, kuma a ƙarshen watan nan zai miƙa makulli.

A takardar ɗaukar aiki, mai kula da ma'ajiyar takardu aka rubuta. Amma daga alƙali har masinja, Baba Shafi-nawa kowa yake kiransa. Dalili kuwa, ba a kawo masa magana a baki ya karɓa. Lauya ya ce ai an taɓa yanke irin wannan hukunci, sai ya ce, "A shafi nawa?" Maiɗakinsa ta taɓa gaya mini cewa ranar da ta yi masa albishir an haifa musu jika, sai da ta ɗan dakata ta ji ko zai nemi shafi.

Ni malamar tarihi ce. Shekara tara da suka wuce na fara sauka wannan matakala, ina neman rubuta littafi a kan unguwar da ke bayan tsohuwar masaƙa. Duk garin ya san ta da sunan matattarar ɓarayi. Masu tasi ba sa son shiga. Yaron unguwar in zai nemi aiki, adireshin kawunsa yake rubutawa. Abin da na zo nema shi ne tun yaushe ta zama haka.

Baba ya kawo mini rajistar 'yan sanda ta shekaru sittin baya. Wata uku ina ƙirga sunaye, na gano cewa cikin kowane mutum goma da aka kama a garin, huɗu daga unguwar suke. Na rufe littafina ina jin na kama bakin zaren.

"Baba, na gama. Magana ta fito fili."

Bai ɗago daga ɗinkinsa ba. "Kin ƙirga su ne, Malama, ko kin karanta su?"

"Ai sunayen na bi ɗaya bayan ɗaya."

"Rajistar ɗan sanda ba ta gaya miki inda ɓarawo yake. Inda ɗan sanda ya tsaya take gaya miki. Koma ki duba layi na huɗu, inda ake rubuta laifin."

Na koma ba da son raina ba. Layi na huɗu ya cinye mini wata biyar. Yawon banza. Kwana a rumfar kasuwa. Talla ba lasisi. Tsintar gawayi a gefen layin dogo. Ɗiban ruwa a famfon masaƙa. Fiye da rabin mutanen da na ƙirga a matsayin ɓarayi ba su ɗauki ko allurar wani ba. Sata ta gaskiya kuma akwai ta, har da sara da suka, bai ɓoye mini ba. Da hannunsa ya kawo fayil ɗin wasu 'yan fasa shago da suka naƙasa wani maigadi. "Kada ki mai da su waliyyai," in ji shi. "Mutane ne."

Daga nan ya fara fito mini da abubuwan da ban san suna ɗakin ba, waɗanda ma ba na kotu ba ne. Lokacin da aka rufe masaƙa, takardun ma'aikatanta an zube su a bakin ƙofa don 'yan tireda su kwasa su naɗe kaya. Shi ya yi ta jigilar su a keke, sahu goma sha ɗaya. Da asibitin gari ya share sitonsa, ya je ya roƙi rajistar mace-mace. Akwai kuma wata taswira ta ofishin ruwa, wadda ta nuna bututu ya taho tiryan-tiryan daga tsakiyar gari, ya zo katangar masaƙa ya tsaya cak. Bayan katangar, inda dubban mutane suke kwana, farar takarda ce kawai.

Muka jera su a tebur ɗaya. Duk shekarar da masaƙa ta sallami ma'aikata, bayan wata uku ko huɗu rajistar 'yan sanda ta kumbura, ta asibiti ma ta kumbura da sunayen ƙananan yara. Ba ya fassara mini komai. Ya buɗe wannan, ya buɗe wancan, ya koma kan ɗinkinsa ya bar ni da su.

Baba, kai ne ka san cewa kundi ɗaya shaida ɗaya ne, kuma ba a yanke hukunci da bakin shaida ɗaya. Ba ka shiga jami'a ba, amma mu da muka shiga a gabanka muka sake koyon karatu.

Saura kaɗan duk wannan ya zama toka tun kafin in zo. Wani tsohon masinja da aka yi abin a gabansa ne ya ba ni labari. An taɓa kawo sabon magatakarda, ya zagaya ginin yana neman inda zai ajiye injin wuta, ya ga ɗakin ƙasa ya yi masa. Ya ba da umarni duk takardar da ta haura shekara talatin a fitar a ƙona.

Baba bai yi musu ba. Ya rusuna ya ce, "To, ranka ya daɗe. Sai dai a rubuta mini, a sa hannu, a buga hatimi."

"Maganata ba ta isa ba?"

"Ta isa. Amma fayil zan buɗe mata. Wata rana wani zai zo ya tambayi wanda ya ƙona, ni kuma ba na son in amsa masa da baki."

Takardar ba ta taɓa saukowa ba. An gina wa injin rumfa a waje. Sunan Baba kuma, daga shekarar nan, bai sake fitowa cikin jerin waɗanda za a ƙara wa girma ba. Waɗanda suka zo suka same shi suka wuce shi, wasu har suka zama shugabanninsa. Masinjan ya ce bai taɓa jin Baba ya tayar da maganar ba.

A shekarata ta biyu a ɗakin, wata ranar Talata da hantsi, ina bin fayilolin shekarar da aka yi babbar sallama a masaƙa, Baba ya ajiye mini ɗauri na gaba kamar kullum. Na uku a ciki na wani masaƙi ne da aka kora, aka kama shi bayan sati shida da bandir ɗin yadi ɗaya a ƙarƙashin gadonsa. Ɗaurin wata shida. A ƙasa akawun kotu ya rubuta cewa yana da mata da ɗa ɗan shekara biyu. Na karanta sunan a fili don in tabbatar da harafi ɗaya da tawada ta dushe.

"Haka ne sunan," in ji Baba. "Mahaifina ne."

Na ɗago na dube shi. Na tambaye shi, "Sharri aka yi masa?"

"A'a, ya ɗauka. Juya gaba, da bakinsa ya amsa."

Ya ce mahaifiyarsa har ta rasu cewa take yi tafiya uban ya yi a wancan lokacin, ya dawo da tari, tarin ya tafi da shi. Shi kuma a shekararsa ta biyu da kama aiki ya ci karo da fayil ɗin yana jera kanta. Na dubi takardar. An ɗinke bayanta da irin zaren da ya ɗinke sauran, ba fiye ba, ba ƙasa ba. Fiye da shekara ashirin makulli yana aljihunsa, ga gara da za a iya ɗora wa laifi, babu kuma wanda zai taɓa sani.

"Baba, zan iya tsallake wannan. Littafin ba zai rasa komai ba."

"In kika cire nawa, 'yata, na wa za ki bari? Na wanda ba shi da ɗa a ɗakin nan?"

Na saka shi, na sakaya sunan kamar yadda na sakaya na kowa.

Amfanin duk wannan ya fito shekara huɗu da suka wuce, lokacin da aka kafa kwamitin rusau. Rahotonsu na farko ya ce unguwar ta gaji laifi tun asalinta, don haka babu magani sai a share ta. Wata mai ɗinki, shugabar matan unguwar, ta samo ni da rahoton a hannu. Ta ce, "Malama, an ce kin karanta kakanninmu. Ki zo ki faɗa musu abin da kika gani, ko daɗi ko ba daɗi." Na je na yi bayani. Kwamitin ya ce ba zai karɓi littafin malama ba, asali yake so ya gani.

Da izinin alƙali, Baba ya hau da kundaye tara zuwa zauren taron, ya shimfiɗa su a gaban mutanen. Wani ɗan kwamiti ya buɗe ɗaya ya yi dariya ya ce, "To ai ga shi, abin da muka faɗa ne. Duk 'yan can ne."

"Yallaɓai, a taimaka a karanta wa jama'a layi na huɗu."

Mutumin ya karanta guda biyar da ƙarfi, na shida a hankali, ya rufe. Baba ya warware taswirar ruwa a kai, ya koma bayan zaure ya tsaya.

Ba zan ce an yi nasara gaba ɗaya ba. Layuka biyu na bakin kwata sun tafi, gidaje sittin da wani abu, kuma wasu daga masu su har yau ba su zauna daidai ba. Sauran unguwar ta tsaya. An goge jimlar nan ta gadon laifi daga rahoto, an ja bututu ya tsallake katanga, ko da yake sau biyu a sati ruwan yake zuwa. A rahoton ƙarshe an gode wa kwamiti, an gode mini. Sunan Baba ba ya ciki.

Makon jiya na sauka na same shi da wata akawu da aka maido daga sashen shigar da ƙara, ita za ta gaje shi. Yana nuna mata yadda ake huda takarda ba tare da an taɓa rubutu ba. Idonsa ya yi rauni, ita take zura masa zare. Ya ce saura kundi arba'in da bai ɗinke ba, abin da ke damunsa ke nan. Akawun ta ce, "Baba, tsakani da Allah, wa zai zo neman waɗannan?"

Ya ce, "Mai hali yana barin hoto, yana barin wasiyya, ana sa wa titi sunansa. Talaka kuwa, sau da yawa ranar da aka kama shi ce kaɗai ranar da hukuma ta rubuta sunansa. In kika bar wannan ya ruɓe, kamar bai taɓa zuwa duniya ba."

Baba, kai ne garkuwar waɗanda suka riga mu, waɗanda ba za su iya tashi su kare kansu ba. Ka riƙe shaidar da ke wanke su, ka riƙe wadda ke kama su, har da wadda ta kama gidanku. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka huta cikin jikokinka lafiya.

Sauran magana ga masu riƙe da makulli ce. Kowace kotu, kowane asibiti, kowace makaranta tana da ɗaki irin wannan, inda ake tura abin da aka gama da shi, da ma'aikacin da aka manta da shi. In kai ne a ɗakin, ka buɗe taga, ka duba gara, kada ka ƙona abin da ba ka karanta ba. In kuma kai ne a sama, ka sauko ka gaishe shi tun yana nan.